Mai Bin Sawun 'Yarka Bayan Ta Ce A'a Ba Masoyi Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya hana gidanmu barci na kusan shekara guda, wanda kuma na lura ko suna ɗaya tsayayye ba mu yi masa ba. Wasu su ce naci, wasu su ce bin diddigi, iyayenmu mata kuma su ce yaro ne ya ƙwallafa rai. Abin da nake nufi shi ne mutum ya sa wa wani ido bayan an gaya masa ba a so, ya riƙa bin sawunsa a hanya, yana tsayuwa a bakin layinsu, yana bugo waya ba dare ba rana, yana sauya lamba duk lokacin da aka toshe shi, yana tambayar mutane ina ya je kuma da wa ya tafi, har wanda ake bi ya wayi gari yana fargabar leƙa ƙofar gida. A wannan wasiƙa zan kira shi bibiya.

'Yar ƙanwata ce abin ya faɗa wa. Yarinya ce da ta gama karatu ba ta zauna jiran aikin gwamnati ba, ta kama sayar da turaren wuta da humra ta waya, kamar yadda dubban 'ya'yanmu suke yi yanzu. Wani mutum ya sayi kaya sau biyu, a karo na uku ya ce shi ba turare ne ya kawo shi ba. Ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ta ce ba ta da ra'ayi. Daga ranar ba ta sake samun sukuni ba. Da uwarta ta kawo mini maganar a karon farko, dariya na yi, na ce farin jini ne, wadda ba a bi ai ita ce abar tausayi. Har yau idan na tuna wannan dariya sai in ji kunyar kaina, domin ni ne babban da aka kai wa kuka, ni ne kuma na mayar da yarinyar gida da tsoronta. Ban farga ba sai ranar da ta je biki wata unguwa mai nisa, tana dawowa saƙo ya shigo daga lambar da ba ta sani ba, ana yaba launin atamfar da ta ɗaura, ana kuma tambayarta wane ne wanda ya rage mata hanya.

Matan gidan suka fara zancen asiri da aljanu, har da mai cewa a nemo rubutu. Ni da ɗan'uwanta muka zauna muka bi zaren a hankali, sai muka tarar babu boka babu malam a cikin lamarin. Cikakken sunanta ya samu ne tun ranar da ya tura kuɗin turare, domin duk wanda ya sa lambar asusu zai yi tiransifa sai sunan mai asusun ya fito masa, kuma a wasu bankunan waya irin su OPay lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa, an dai cire sifilin farko. Gidan kuwa yaron da ke kai mata kaya a babur ne ya kwatanta masa, ba da mugun nufi ba, an dai tambaye shi ya faɗa. Labarin bikin ya gani ne a katin gayyata da ƙawarta ta sa a sitatus, mai ɗauke da rana da lokaci da sunan wurin taro. Sauran kuma mai shagon bakin layi ne, wanda mutumin ya mayar abokin hira yana sayen katin waya da lemo a wurinsa. Da ɗan gari akan ci gari. Kowane ɗayansu ya ba da ɗan guntun bayani da yake ganin ba komai ba ne, shi kuma yana can yana harhaɗawa.

Edita, kafin in zo kan matakan kariya, dole in taɓo tushen da ya sa irin waɗannan mutane suke samun gindin zama a cikinmu. Mun taso muna jin cewa mace ba ta amsawa a karon farko, dole sai ta ja aji, kuma namijin gaske shi ne wanda bai karaya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar kunya, amma mun miƙa ta har ta kai inda "a'a" ɗin yarinya ba ta da wani nauyi, ko ta faɗe ta sau ɗari. Labaran soyayya da finafinan da yaranmu suke kallo su ma sun cika da saurayin da aka wulaƙanta ya nace, ya yi ta sintiri a ƙofar gida, a ƙarshe ya yi nasara aka yi biki. Yaron da ya girma da wannan hoto a kansa, idan aka ce masa ba a so, abin da yake ji shi ne a ƙara ƙoƙari.

Addininmu kuwa ba haka ya koyar ba. A cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an hana shiga gidan wani sai da izini, aka kuma ce idan an ce muku ku koma to ku koma, wannan ne mafi tsarki a gare ku. A Suratul Hujurat, aya ta 12, an hana leƙen asirin mutane. Hadisi ya tabbata cewa neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba sai ka juya. Amma ƙissar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Barira da Mugis, wadda ta zo a Sahihul Bukhari. Da aka 'yanta Barira aka ba ta zaɓi, sai ta zaɓi rabuwa da mijinta, shi kuwa saboda tsananin so yana tafiya a bayanta yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausaya masa har ya nemi ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, maganar kuma ta tsaya a nan. Mugis bai yi mata barazana ba, bai ɓata mata suna ba, son gaskiya yake yi, duk da haka hawayensa ba su zama hujjar da za a tilasta ta ba. Idan mafi darajar halitta ya yi ceto aka ƙi kuma ya ƙyale, ina mamakin kawu ko yayan da zai ce wa yarinya ta yi haƙuri ta saurari wanda take gudu saboda wai ya daɗe yana wahala.

Kada kuma a ɗauka abin yana tsayawa ne a takura da ɓacin rai. Ba mu manta da abin da ya faru a unguwar Janbulo ta Kano a watan Satumbar 2022 ba, inda wani ɗan ƙasar Sin ya shiga har gidan iyayen wata matashiya da suka taɓa yin soyayya ya kashe ta da wuƙa, babbar kotun jihar kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Maris na 2024. Allah ya jiƙanta. Ƙasashen da suka riga mu yin doka a kan bibiya su ma jini ne ya farkar da su. A Amurka, wani da ya shafe shekaru yana bibiyar 'yar wasan talabijin Rebecca Schaeffer ya biya mai bincike ya samo masa adireshinta daga ofishin rajistar motoci, ya je ya harbe ta a ƙofar gidanta a 1989. Shekara guda bayan haka jihar Kalifoniya ta yi dokar hana bibiya ta farko a ƙasar, a 1994 kuma majalisar tarayyarsu ta taƙaita bayar da bayanan masu lasisin tuƙi ga kowa da kowa. A Japan wata ɗaliba ce ta yi ta kai ƙara wurin 'yan sanda ana yi mata riƙon sakainar kashi, har aka kashe ta a garin Okegawa a 1999, sannan aka yi doka a shekarar 2000. Abin lura a labaran nan shi ne bayanin da aka bayar cikin sauƙi, da kukan da aka raina.

Ba 'yan mata kaɗai ake bi ba. Zawarawa da yawa suna fama da tsofaffin mazajen da suka sake su amma suka ƙi sakin rayuwarsu, suna fakewa da zuwa ganin yara domin su san wa ke shiga wa ke fita. Akwai ma'aikatan jinya da malaman makaranta da masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, maza da mata, da wani ko wata ta liƙe musu. Namiji ma ya fi jin nauyin faɗa, saboda dariyar da za a yi masa a majalisa. Na fi yin magana a kan mace ne kawai domin ta nan abin ya same mu.

Mataki na farko da muka koya, bayan mun yi kurakurai, shi ne a faɗi ƙin amincewa sau ɗaya, a fili, ba tare da kwana-kwana ba, zai fi kyau ta bakin waliyyi kuma a gaban shaida, daga nan a rufe ƙofar magana gaba ɗaya. Yaranmu mata saboda tarbiyya sukan ce "ba yanzu ba" ko "sai na yi shawara" ko "karatu nake yi", mai bibiya kuwa duk waɗannan alkawari ne a kunnensa. Bayan an faɗa, kada a sake amsa masa ko da zagi ne. Hausawa sun ce kulawa yabawa ce. Mutumin da ya kira sau arba'in aka ɗauka a na arba'in da ɗaya domin a ce masa ya daina, darasin da ya koya shi ne kira arba'in da ɗaya ne kuɗin jin muryarta, gobe kuma zai biya. Idan akwai kyaututtuka ko kuɗin da ya kashe, a tattara abin da za a iya, a rubuta, a mayar ta hannun manya a gaban shaidu, domin "dukiyar da na kashe mata" ita ce igiyar da yawancinsu suke riƙewa. Sannan duk runtsi kada a yarda da abin da suke kira haɗuwa ta ƙarshe, wai a zo a yi bankwana ko a karɓi hotuna ko a yafi juna. Lokacin da ya tabbatar an kuɓuce masa, musamman idan ya ji an sa ranar aure da wani, shi ne lokacin da ya fi haɗari.

Abu na biyu ya saɓa wa abin da zuciya take so. 'Yar ƙanwata tana ganin saƙonsa take gogewa saboda ƙyama, don haka ranar da muka tashi kai ƙara ba mu da komai a hannu sai baki. Kada a goge. A ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da rana da lokaci za su fito, a adana saƙonnin murya, a tura kwafi wayar wani amintacce, sannan a sayi littafin rubutu na makaranta a riƙa rubuta ranar da aka gan shi, a ina, ƙarfe nawa, me ya ce, wa ya gani. Tsayuwa ɗaya a bakin layi ba laifi ba ce a idon kowa, amma tsayuwa talatin a rubuce da ranakunsu da shaidunsu magana ce da alƙali zai saurara. Dabarar da ta yi mana amfani ita ce ba mu rufe tsohon layinta ba. Mun sa shi a wata tsohuwar waya muka ba yayanta ya ajiye, ita kuma ta yi sabon layi da mutane ƙalilan suka sani. Mutumin ya ci gaba da turo saƙonni yana tara wa kansa shaida, ita ta huta da gani, mu kuma muna lura da ko kalamansa sun fara sauyawa daga roƙo zuwa barazana.

Wannan sauyi shi ne abin da ya kamata iyaye su sa wa ido sosai. Idan aka fara jin "in ban same ki ba babu mai samunki", ko ya ce zai kashe kansa, ko ya ambaci makami ko ruwan batir, ko ya fara zuwa wurin aikinta, ko ya taɓa wani nata, ko an san yana shaye-shaye, to an wuce matakin a ba shi haƙuri. A ranar ya kamata hukuma ta sani, kuma idan da hali yarinyar ta koma gidan wani ɗan'uwa na ɗan lokaci ba tare da an yi shela ba.

Sai maganar waya, wadda a nan ne bango ya fi tsagewa. Wayar da saurayi ko miji ya saya ya kawo a buɗe, ya riga ya sa mata imel da kalmar sirri da hannunsa, tamkar ɗaki ne da wani yake riƙe da mukullinsa na biyu. Da wannan imel zai iya ganin inda wayar take a taswira, ya ga hotuna da lambobin da aka adana, ko da an rabu da shekara. Duk wadda ta rabu da wanda ya taɓa riƙe wayarta, ta buɗe sabon imel da kanta, ta sauya kalmomin sirri duka, kuma kada ta sa shekarar haihuwarta ko sunan ɗanta, domin wanda ya zauna da ita ya san su. A WhatsApp ta duba wurin na'urorin da aka haɗa, domin minti ɗaya ya isa mutum ya haɗa asusunta da kwamfutarsa ya riƙa karanta hirarta daga nesa, ta fitar da duk na'urar da ba ta gane ba, ta kunna lambar sirri ta mataki na biyu, ta taƙaita masu ganin hotonta da sitatus ɗinta. Manhajar tana da hanyar nuna wa mutum inda kake kai tsaye har na tsawon awa takwas, Snapchat ma yana da taswirar da ke nuna wa abokai inda mutum yake idan ya kunna ta. Hoton da aka ɗauka da waya yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye, kuma idan aka tura shi a matsayin fayil bayanin yana tafiya tare da shi. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri da ake ɓoyewa a waya. Idan ana zargin an sa, mafita ita ce a kwashe abin da ake buƙata a wanke wayar a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, amma a fara adana shaida, a kuma sani cewa wanda ya sa zai gane an cire. Wajen gyara ma a kula: a tsaya a kan waya, ko a cire layi da katin ajiya, kada a miƙa lambar buɗewa ga wanda ba a sani ba a tafi kasuwa a dawo.

Layin waya shi kansa ya kamata ya kasance da sunan mai shi. Tun da aka fara haɗa layuka da lambar NIN a ƙarshen 2020, mata da yawa suna amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan miji ko saurayi, wanda ke nufin a idon kamfani layin nasa ne, yana iya zuwa ya ce ya ɓata a ba shi sabo, saƙonnin bankinta su koma hannunsa. Masu mota kuma su san da ƙananan na'urorin bin sawu irin AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021, wanda girmansa kusan na murfin kwalba ne, ana iya jefa shi a jaka ko ƙarƙashin kujera. Wayoyin iPhone da na Android na yanzu suna iya sanar da mutum cewa wata baƙuwar na'ura tana tafiya tare da shi. Wanda ya ga irin wannan sanarwa kada ya share ta.

Ga masu sana'a ta waya, waɗanda ba za a ce su ɓoye lamba ba tunda da ita suke ci, shawarata su raba layin kasuwa da na gida, su sa sunan sana'a a maimakon hotonsu, su daina cewa mai saye ya zo gida ya karɓa. A samu wani shago a bakin titi da za a riƙa ajiye kaya, a ja kunnen mai kai saƙo cewa ba ya kwatanta gida ga kowa. Hoton biki ko na wurin cin abinci kuma a bari sai an dawo gida a sa. Wannan magana ta fi shafar ƙawaye da 'yan'uwa, domin 'yar ƙanwata ta rufe komai nata amma hotonta bai daina fita ba, ta wayoyin masu ƙaunarta.

A unguwa kuwa, kunya ce ta fi cutar da mu. Mun ɓoye maganar watanni saboda gudun a ce yarinyar ce ta jawo, alhali mutanen da muke ɓoye wa su ne yake tatsar labari a wurinsu. Ranar da muka je wurin mai unguwa, muka nuna wa mai shago da mai shayi da 'yan sintiri hotonsa muka ce wannan mutum ba baƙonmu ba ne, ranar ce ya rasa wurin tsayuwa. Mai shagon nan har rantsuwa ya yi cewa ya ɗauka manemin aure ne da gida ya sani. A gaya wa yara da almajiran da ake aika cewa ba a amsa tambayar baƙo a kan mutanen gida, ba a kuma karɓo saƙo daga hannunsa. A wurin aiki ko makaranta a sanar da maigadi da shugaba. Ita kuma ta riƙa sauya hanya da lokacin fita, ta sauka daga adaidaita sahu kafin ƙofar gida, ta sami abokiyar tafiya, idan kuma ta ji ana bin ta kada ta nufi gida ko lungu, ta shiga gidan mai ko shago ko duk inda jama'a suke ta buga waya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, amma ta haddace lambar mutum biyu na gida da za su iya isowa da wuri.

Ina roƙon iyaye su guji abu biyu. Na farko shi ne hukunta wadda aka zalunta: a ƙwace mata waya, a hana ta makaranta ko sana'a, a yi ta tambayarta me ta yi masa, ko a yi sauri a aurar da ita ga duk wanda ya samu domin a huta. Yarinyar da ta san wannan ne sakamakon faɗa, shiru za ta yi har sai abin ya fi ƙarfinta. Na biyu shi ne tura samarin gida su lakaɗa masa duka. Mu ma an kawo wannan shawara, kuma ba zan ce raina bai so ba, amma da an yi da shi ne zai riga mu zuwa caji ofis da jini a riga, mu koma masu laifi, shi kuma ya sami sabon dalilin ɗaukar fansa a kan wadda ba ta da ƙarfi.

Doka tana nan, sanin ta ne ya yi ƙaranci. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Dokar hana cin zarafin mutane da aka fi sani da VAPP, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta ambaci bibiya ƙarara a sashe na 17, da hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba ko duka biyun, ta kuma ba kotu ikon bayar da umarnin kariya da zai hana mutum kusantar wanda yake bi. Ta tarayya a Abuja take aiki ƙarƙashin kulawar NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, jihohi sai sun yi tasu, jiharmu ta Kaduna kuma ta yi a 2018. Ko babu ita, tsoratarwa da kutse cikin gidan mutane laifuffuka ne a dokar final kod, wato kundin hukunta laifuffuka na Arewa, tun da daɗewa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci mai tsanani a sashe na 24 ga wanda ya tura saƙon da ya jefa wani cikin tsoron kisa ko rauni. Abin takaici, Edita, kai ka fi ni sanin cewa wannan sashe ya fi yin suna wajen kama 'yan jarida da masu sukar manya, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Da rabin zafin naman da ake nunawa idan an taɓa mai mulki ake nunawa idan marainiya ta kawo wayarta cike da barazana, da ban rubuto wannan wasiƙa ba. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ya kamata ma'aikatan bankuna da asibitoci da makarantu da kamfanonin waya su sani, domin ciro wa aboki adireshi ko lambar wata daga kwamfutar ofis ba alfarma ba ce, cin amana ne da doka ta hana.

Da muka kai ƙara karon farko, abin da aka ce mana shi ne ai bai taɓa ta ba, mu je mu sasanta, har wani jami'i yana zolayar ko mu ba shi ita kawai a wuce wurin. Sai da muka koma da takardar koke a rubuce, da littafin nan na ranaku, da hotunan saƙonni da aka buga a takarda, tare da wata lauya, sannan fuska ta sauya. Saboda haka duk mai zuwa ya tafi da koke a rubuce, ya riƙe kwafi, ya rubuta sunan jami'in da ya karɓa, idan an yi biris ya wuce gaba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko hukumar ba da tallafin shari'a, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Masu unguwanni da limamai da 'yan Hisba a jihohin da suke da ita, waɗanda galibi su ake fara kai wa kuka, ina roƙonsu su bambance rikicin da ake sulhu a kansa da wannan. Sulhu na masu jayayya ne a kan abin da kowa yake da haƙƙi a ciki. A nan kuwa mutum ɗaya ne yake son abin da ba nasa ba, kuma zaunar da shi ɗaki ɗaya da ita domin a ji ta bakin kowa miƙa masa abin da yake nema ne tun farko. A kira shi shi kaɗai da iyayensa, a gargaɗe shi, ya sa hannu a takarda, a kuma gaya masa abin da zai biyo baya idan ya karya. Iyayen masu yi su ma su daina cewa ɗansu so ne ya yi masa yawa. Wani lokaci abin yana haɗe da shaye-shaye ko taɓin hankali, kai shi asibiti da wuri ya fi zuwa gaishe shi a gidan yari.

Ku ma 'yan jarida ina da roƙo a gare ku. Idan irin wannan ya kai ga kisa, a daina rubuta kanun labari da sunan soyayya ko kishi, kamar wanda ya yi kisan abin tausayi ne da so ya rufe wa ido. Idan kuma wadda abin ya shafa tana raye, kada a buga hotonta ko sunan layinsu ko makarantarta. Zai yi kyau ku ware shafi ku gayyato lauya ya fassara wa jama'a sashe na 17 na dokar VAPP da yadda ake neman umarnin kariya da Hausa, gidajen rediyo su ma su ɗauka, domin yawancin matan da abin ya shafa ba su taɓa jin akwai shi ba.

Mutumin da ya addabe mu ya sa hannu a takarda a gaban hukuma da mahaifinsa, kuma yau wata biyar ke nan tsohon layin bai yi ƙara ba. 'Yar ƙanwata ta koma sana'arta da sabon suna, sai dai har yanzu idan babur ya rage gudu a bayanta sai ta waiwaya, kuma ba ta yarda ta zauna ta ba ƙofa baya. Yayanta bai daina cajin tsohuwar wayar ba. Ka gafarce ni da ban rubuta sunana da unguwarmu a ƙasan wasiƙar nan ba kamar yadda aka saba, domin mutumin yana karanta jarida.

Wassalam.

Naka,
Wani kawu, daga Zariya, Jihar Kaduna.